Lissafin makin kanti da ake cewa yana kai mutum gida kyauta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani batu da ya yawaita a bakin 'yan uwanmu mazauna Ingila, wanda kuma na lura ya fara isa kunnen mutanen gida ta hanyar bidiyoyin da ake yaɗawa a Facebook da TikTok. Batun shi ne wai mutum zai iya samun tikitin jirgi daga Landan zuwa Abuja ko Legas ba tare da ya biya ko kwabo ba, muddin ya iya tara makin da manyan kantuna ke bayarwa idan an yi cefane, sannan ya juya shi zuwa makin kamfanin jirgin sama. Shekarata goma sha ɗaya a wannan ƙasa, ina da mata da yara uku, kuma na shafe kusan shekara huɗu ina bin wannan hanya da gaske, har da ɗan littafin da nake rubuta lissafi a ciki. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hirar da muka yi da wani ɗalibi ɗan garinmu da ya zo karatun digiri na biyu. Mun fito daga sallar Juma'a na rage masa hanya, sai ya ce in sauke shi a wani babban kanti da ke nesa da ɗakinsa, alhali na san akwai mai araha a bakin layinsu. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Kawu, ai na daina zuwa wancan, ba sa ba da maki. So nake in tara na je gida Babbar Sallah." Na tambaye shi nawa yake kashewa a cefanen mako, ya ce kamar fam 40. Ban ce masa komai ba a lokacin, domin na ga yadda fuskarsa ke cike da murna, amma da na koma gida na kasa sukuni, don kuwa ni ma na taɓa tsayawa daidai inda yake tsaye.

Ga yadda abin yake, domin masu karatu da ba su saba da shi ba. Kantin Tesco ya fito da katinsa mai suna Clubcard a shekarar 1995, kantin Sainsbury's kuma yana amfani da katin Nectar wanda aka fara a 2002. A kowannensu, idan mutum ya kashe fam ɗaya a kayan masarufi ana rubuta masa maki ɗaya. Makin nan ana iya cin sa a kantin, wato a rage wa mutum kuɗin cefane, ana kuma iya tura shi ga wasu kamfanonin da kantin ya ƙulla yarjejeniya da su, cikinsu har da na jiragen sama. Makin Tesco yana tafiya ga Virgin Atlantic, wanda ke zirga-zirga tsakanin Landan da Legas, shi kuma makin Nectar, tun daga watan Janairun 2021, yana komawa Avios, wato makin British Airways, wanda ke zuwa Legas da Abuja. Har zuwa nan masu bidiyo ba su yi ƙarya ba. Inda suke yin shiru shi ne wurin lissafi.

An ƙulla yarjejeniyar ne a kan cewa makin Nectar 400 yana zama Avios 250. Gidan da ke kashe fam 100 a kowane mako, wanda ba ƙaramin cefane ba ne, zai kashe fam 5,200 a shekara, ya samu maki 5,200, wanda idan aka juya shi zai ba da Avios 3,250. Mu ƙaddara, domin sauƙin lissafi, cewa kujera ɗaya ta zuwa da dawowa a sashe mafi araha za ta ci maki 50,000. Wannan gida zai yi sama da shekara goma sha biyar yana cefane a kanti guda, bai taɓa leƙa wani ba, kafin ya samu kujerar mutum ɗaya. A ɓangaren Tesco abin ya ɗan fi sauri, domin maki ɗaya yana zama biyu a Virgin Atlantic, amma ko a nan shekara biyar ake magana a kan wannan ƙiyasi, kuma kujera ɗaya ce tak, a gidan da ke da mutum biyar. Shi kuwa ɗalibin da na rage wa hanya, da fam 40 ɗinsa, idan katin Nectar yake riƙe da shi, abin da zai tara a shekara guda Avios 1,300 ne. Zai gama digirinsa, ya yi na uku, ya yi aure, bai kai rabin hanya ba.

Akwai kuma abin da na daɗe ban gane ba, kuma shi ne ya fi ba ni haushi da na gane shi. Makin Nectar 400 ɗin nan da ake juyawa, idan aka ci shi a kantin, darajarsa fam 2 ce. Kenan wanda ya tara Avios 50,000 ta wannan hanya ya sadaukar da maki 80,000, wato cefanen fam 400 da zai iya ɗauka ya kai gida bai biya ba. To ina kyautar take? Ya sayi tikitin ne da shinkafa da man girki da madarar yaran da ya haƙura da su, illa dai ba a aljihunsa ya ga kuɗin sun fita ba. Bayan haka kuma akwai kuɗin hannu da dole a biya a kan tikitin maki, domin maki ba ya biyan haraji. Gwamnatin Birtaniya tana karɓar harajin fasinja daga duk babban da ya tashi daga filayen jiragenta, wanda a 2024 ya kai fam 88 a kujera mafi araha ta doguwar tafiya irin ta Najeriya, ga kuɗin filin jirgi, ga kuma abin da kamfanin ke ɗorawa nasa. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ban ga inda maganar ta fi dacewa kamar nan ba.

Na san za a ce ai ba da cefanen yau da kullum ake tarawa ba, da garaɓasa ake tarawa, wato lokacin da kanti zai ce wanda ya sayi kaza zai samu ƙarin maki ɗari biyu ko ɗari biyar. Gaskiya ne, kuma a nan ne ni kaina na faɗa rami. Wata shekara, a wani kanti da nake zuwa, aka sa ƙarin maki mai tsoka a kan wani nau'in abincin karin kumallo na kwali da kuma wani sabulun wanki. Na zauna da daddare na buga lissafi, na ga kamar na gano abin da Turawa suka makance a kansa. Washegari na cika bayan mota da kwalaye, na koma na sake cikawa, har mai karɓar kuɗi ta dube ni ta tambaya ko makaranta nake ciyarwa. Da na fara jera su a lungun kicin da ƙarƙashin matakala, uwargida ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, shago za mu buɗe ne ban sani ba?" Na ce mata ta yi haƙuri, wannan kwalayen da take gani su ne za su kai ta wajen Hajiya. Yaran suka ci kwali biyu suka ce ba sa so, ba shi da daɗi. Sauran suka zauna wata da watanni, har na ga ranar lalacewarsu ta matso, na kwashe su na kai wurin da ake tara abinci domin mabuƙata a masallacinmu. Sabulun kuwa ya sa wa ƙaramar 'yarmu ƙaiƙayi, aka daina amfani da shi. Ladan sadaka dai ina fatan na samu, amma niyyar da na sayo su da ita ba ta sadaka ba ce, kuma da na koma littafina na tarar na kashe kusan ninki huɗu na darajar makin da na samu.

Ban daddara ba sai da na zo cin makin. Kamfanonin jirage ba kowace kujera suke sayarwa da maki ba, 'yan kaɗan suke warewa a kowane jirgi, kuma British Airways, alal misali, yana buɗe nasa ne tun saura kwana 355 a tashi, inda waɗanda suka ƙware ke zaune tsakar dare suna jira su wawashe. Mu kuwa lokacin da muke son tafiya sananne ne, wato dogon hutun makaranta na Yuli da Agusta, ko ƙarshen Disamba lokacin bukukuwan aure, kuma shi ne lokacin da kowane ɗan Najeriya da ke ƙasar nan yake son tafiya. Na nemi kujeru na rasa. Abin da na samu shi ne kujera biyu a tsakiyar Fabrairu, ranar Talata, lokacin da yara ke makaranta, a ƙasar da ake cin iyaye tara idan suka fitar da yaro daga aji domin tafiya. A ƙarshe da kuɗi na sayi tikitinmu, kamar kowa. Ban ga laifin kowa ba a nan sai nawa, domin duk waɗannan sharuɗɗa a rubuce suke, ni ne ban karanta ba.

Labarin da ke rura wutar wannan buri, wanda kusan kowane mai bidiyo sai ya kawo shi, shi ne na wani injiniya Ba'amurke mai suna David Phillips, ma'aikacin Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. A 1999 kamfanin abinci na Healthy Choice ya yi shelar cewa duk wanda ya aiko da lambobin jikin kwalin kayansa guda goma zai samu mil 500, wato makin tafiyar jirgi, kuma za a ninka wa wanda ya aiko da wuri. Phillips ya gano wani kanti mai araha da ke sayar da ƙananan kofunan wani abin zaƙi na cakulan a kan senti 25 kowanne, kuma kowane kofi da lambarsa. Ya bi rassan kantin ya kwashe kofi 12,150, ya kashe dala dubu uku da 'yan kai, ya ba ƙungiyar agaji ta Salvation Army abincin bisa sharaɗin ma'aikatanta su taya shi ɓare lambobin, ya tashi da mil sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Labarin gaskiya ne. Sai dai abin da ya kamata a lura da shi shi ne mutumin ya ci ribar kuskuren lissafi ne da kamfanin ya yi, kuma har yau, bayan fiye da shekara ashirin, sunansa ake ta maimaitawa saboda ba a samu irinsa da yawa ba. A nan Ingila ma an yi makamancin haka a 1992, lokacin da kamfanin Hoover mai injin share ƙura ya yi alkawarin tikiti biyu kyauta ga wanda ya sayi kayan fam 100, har zuwa Amurka. Jama'a suka yi ta sayen injin da ba sa buƙata saboda tikitin ya fi shi tsada, kamfanin ya kasa cika alkawari cikin sauƙi, ya yi asarar kusan fam miliyan 50, aka kori manyan shugabanninsa, kuma a 1995 aka sayar da reshensa na Turai ga kamfanin Candy na Italiya. Tun daga irin waɗannan darussa kamfanoni suka ɗauki masu lissafi da aikinsu kenan dare da rana, su tabbatar ba a sake cin su haka ba. Wanda yake zaton zai zauna da waya a hannu bayan sallar Isha ya fi su wayo, to ya sake tunani.

Ya kamata kuma a tambaya, me kantin ke samu da har yake rabon maki? Abin da yake saye da makin nan shi ne sanin mai saye. Lokacin da kamfanin dunnhumby, mai nazarin bayanan masu saye, ya gabatar wa shugabannin Tesco sakamakon gwajin katin kafin a fito da shi, an ruwaito shugaban kantin na lokacin, Lord MacLaurin, yana cewa abin da ya tsorata shi shi ne sun san abokan cinikinsa cikin wata uku fiye da yadda shi ya san su cikin shekara talatin. Katin yana nuna cewa gidan nan ba ya sayen giya ko naman alade, yana sayen dabino da yawa a wani wata na shekara, ya fara sayen ƙunzugun jarirai a watan jiya. Da wannan sanin ake tsara tallan da za a turo wa mutum, ana kuma sayar wa masu kaya damar tallata hajarsu gare shi. Su kuma kamfanonin jirage sayar wa kantuna da bankuna makin suke yi, kuɗi a hannu, tun kafin kowa ya hau jirgi, kuma makin da aka manta da shi ko ya mutu riba ce zalla. Girman wannan kasuwa ya fito fili a lokacin annobar korona a 2020, sa'ad da jirage ke ajiye a ƙasa, amma kamfanin jirgin United na Amurka ya ciwo bashin dala biliyan 6.8, takwaransa Delta kuma ya ciwo biliyan 9, duk ta hanyar jinginar da shirinsu na maki.

Abu na ƙarshe a jerin aibobin, wanda mu 'yan Najeriya ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kansa, shi ne faɗuwar daraja. Maki kuɗi ne da kamfani ke bugawa da kansa, shi ke yanka masa farashi, kuma yana iya sauya farashin da sanarwa guda. Kafin 2021 makin Tesco yana komawa Avios, inda maki 250 ke ba da Avios 600, sai aka wayi gari yarjejeniyar ta ƙare, wanda ya koma Sainsbury's domin ya ci gaba da tara Avios ya tarar fam ɗayansa da ke kawo masa kusan biyu da rabi yanzu bai kai ko ɗaya ba. A 2023 Tesco ya rage abin da maki 250 ke bayarwa a Virgin Atlantic daga 625 zuwa 500. A ƙarshen 2024 Virgin Atlantic ya koma tsarin da makin da kujera ke ci yake hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema, wanda ke nufin a lokacin hutu, lokacin da muke buƙata, a nan ne zai fi tsada. Avios kuma yana mutuwa idan asusu ya yi wata 36 ba a taɓa shi ba. Wanda ya shiga adashi ya san ranar kwasarsa, ya san nawa zai kwasa. Mai tara maki na shekara goma bai san ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ba ina cewa a jefar da katin ba ne, kuma adalci ya sa in faɗi inda yake da amfani. Yanzu manyan kantunan suna sa farashi biyu a kan kaya ɗaya, na mai kati da na marar kati, kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta binciki kayayyaki kusan 50,000 ta fitar da rahoto a Nuwamban 2024 cewa sama da kashi 90 cikin 100 na rangwamen na gaskiya ne, duk da ta ja hankali cewa farashin mai kati ba lallai ya zama mafi araha a gari ba. Don haka wanda dama can a kantin yake cefane, wauta ce ya ƙi karɓar katin. Haka kuma wanda ke yawan tafiya saboda aiki ko kasuwanci, wanda yawancin makinsa daga hawan jirgin yake fitowa, makin kanti zai iya cike masa ɗan giɓin da ya rage, ko ya hana asusunsa mutuwa. Tun 2022 kamfanin Qatar Airways ma ya koma amfani da Avios, ana kuma iya tura maki tsakanin asusunsa da na British Airways, abin da zai iya amfanar masu bi ta Doha zuwa Umara ko Chana. Ni dai yadda na ɗauki abin yanzu shi ne yadda muka ɗauki gyara a kasuwar gida. Idan ka sayi tumatir mai kaya ya ƙara maka biyu a kai, ka karɓa ka yi godiya, amma ba a taɓa ganin mai hankali ya bar mai tumatir mai araha ya tafi wurin mai tsada, ko ya sayi kwando alhali kashi ɗaya yake buƙata, saboda gyara ba. Mujallar masu saye ta Which? ta sha bayyana Aldi a matsayin kanti mafi araha shekaru a jere, kuma shi ba ya ba da maki ko ɗaya.

Akwai wani gefe da nake so malamanmu su duba. Masu bidiyon nan, idan aka bi su a hankali, galibi ba a kan katin kanti suke tsayawa ba, suna ƙarewa ne da shawarar a buɗe katin bashi na banki, domin shi ne ke ba da maki dubbai a tashi ɗaya, kuma da yawansu suna da la'ada a kan duk wanda ya buɗe ta hanyarsu. Katin bashi kuwa yana ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa da galibi ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara ga wanda bai biya duka a ƙarshen wata ba. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba, amma na ga magidanta da suka shiga da niyyar ba za su taɓa bari wata ya zagayo musu da bashi ba, sai rashin lafiya ko rage awannin aiki ya zo, kuɗin ruwan wata biyu ya cinye darajar makin shekara guda, ga kuma nauyin riba a zuciya. Yaranmu da ke zuwa karatu su ne suka fi saurin faɗawa, domin ba su da mai ja musu kunne a kusa.

Juma'ar da ta biyo baya na tafi masallaci da tsohon littafin lissafina, na zaunar da ɗalibin nan a mota muka buga tare. Makin Nectar da zai tara a shekara, idan ya ci shi a kanti, bai wuce fam 10 da 'yan kwabbai ba. Idan kuwa kantin bakin layinsu yana rage masa ko da fam 4 ne a mako, ya tsira da fam 208 a shekara, ban da kuɗin bas da yake biya zuwa wancan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, to ai ni aka ci." Na ce masa ni an ci ni shekara huɗu kafin in farga. Yanzu ya shiga adashin da muke yi mu goma sha biyu, ya kuma roƙi a ba shi kwasar watan da ke gaban Babbar Sallah, sauran 'yan adashin sun amince.

Ina roƙon Edita, idan da hali, a sa ɗaya daga cikin wakilanku na fannin kasuwanci ya bibiyi katunan da manyan kantunan Abuja da Kano suka fara bai wa masu saye, ya buga mana sharuɗɗansu da Hausa, tare da lissafin nawa mutum zai kashe kafin ya samu abin da aka yi masa alkawari.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Birmingham, Ingila.